Haƙori ɗaya da ya ɓata mini agogon gudun Kanta

Motar da nake magana a kanta tsohuwar Mitsubishi Canter ce, irin wadda kowa ke kira Kanta, mai tayoyi shida, wadda nake ɗauko aya da wake da ita daga kasuwannin ƙauye zuwa Maraɗi, wani lokaci kuma a yi mata lodin kayan ƴan kasuwa zuwa Damagaram. Ba ni ke tuƙa ta ba, ɗan ƴar'uwata ne direbanta, amma ni ke riƙe da littafinta. A cikin littafin nan nake rubuta lambar kilomitar da agogon motar ya nuna ranar tashi da ranar dawowa, da litar gazuwal da aka zuba, da ranar da aka yi juyen mai. A cikinsa ne kuma matsalar ta fara bayyana, tun kafin kowa ya gan ta a kan hanya.

Bayan damina pon ɗin motar, wato aksul ɗin baya, ya soma wani kuka mai kama da na injin niƙa, kuma kafin mu yi wani abu haƙoran cikinsa suka kakkarye a kan hanyar dawowa daga Tasawa. Makanikinmu dattijo ne wanda ya daɗe a kan manyan motoci, Baba nake ce masa. Da ya buɗe sai ya nuna mini abubuwa biyu da suka lalace: kuron, wato babban faifan ƙarfe mai haƙora wanda ke juya tayoyi, da pinyo, ƙaramin da ke tura shi, wanda ke manne da farfela, wato doguwar sandar da ke kawo juyi daga akwatin giya. Ya ce ba a sauya ɗaya a bar ɗaya, domin tun a masana'anta tare ake goge su har su saba da juna, saboda haka mafi sauƙi a sayo kan pon ɗin gaba ɗaya na hannu. Muka samu a wajen wani mai sayar da kayan gyara. A gabana ya ɗora yatsa ya ƙirga haƙoran kuron ɗaya bayan ɗaya, suka tashi 40, muka ƙirga na tsohon, su ma 40. Ya ce, "Alhaji, ka dai gani da idonka, uwa ɗaya uba ɗaya." Pinyon kuwa rabinsa a ɓoye yake cikin gidansa, baƙin mai ya rufe shi, babu wanda ya yi tunanin ƙirga nasa, har da ni da na biya kuɗin.

Aka ɗaura, kukan ya tafi, mota ta koma aiki. Abin da direban ya faɗa mini a makon farko shi ne motar ta yi nauyi wajen tashi idan an cika ta, kuma yashin da a da take fita da giya ta biyu yanzu sai da ta ɗaya. Na ɗauka sabon gyara ne, zai saki. Tafiye-tafiyen watan farko duk na ƙauyuka ne, kuma tsawonsu ba ɗaya ba ne, don haka littafin bai nuna mini komai ba. Sai da aka je Damagaram aka dawo. Tsakanin Maraɗi da Damagaram kimanin kilomita 235 ne, kuma shekara da shekaru zuwa da dawowa, haɗe da ɗan zagayen cikin gari, agogon kan rubuta mini wajen 480. Wannan karon 411 na gani. Aka sake komawa bayan kwana goma, na ga 413.

Duk mai motar haya ya san dabarar da wasu direbobi ke yi ta kwance igiyar agogo na ɗan lokaci, su yi wata tafiya tasu wadda ba za ta shiga lissafi ba, sa'an nan su mayar. Nan zuciyata ta fara zuwa, kuma ba na alfahari da haka. Na kira yaron na ajiye littafin a gabansa na tambaye shi ko Damagaram ce ta matso kusa. Ya duba lambobin ya daɗe bai ce komai ba, daga baya ya ce, "Kawu, in da kwance igiyar nake yi don in ɓoye wata tafiya, ai da sai in mayar da ita ta cika maka 480 ɗinka, ba zan kawo maka lissafin da ya gaza ba. Gobe ka shigo mu tafi tare." Ya ƙara da wani abu wanda a lokacin ban ba shi muhimmanci ba, cewa tun da aka yi gyaran nan garuruwa suke zuwa masa da wuri, yana isa Gazawa kafin lokacin da ya saba, alhali bai ƙara gudu ba.

Washegari na zauna a gefensa da wayata, na buɗe manhajar da ke nuna gudu ta hanyar tauraron ɗan'adam. Irin wannan awo yana buƙatar haƙuri, domin wayar kan ɗan makara idan mota na ƙara gudu ko tana ragewa, saboda haka sai a sami miƙaƙƙiyar hanya marar hawa, a riƙe gudu ɗaya na ɗan lokaci kafin a karanta. Bayan mun fita gari a kan hanyar Damagaram na ce ya tsayar da allura a kan 40, wayar ta nuna 46. A kan 60 ta nuna 69, a kan 80 kuma 92. Don kada in dogara da waya kaɗai, sai na auna da duwatsun kilomita na bakin hanya a inda suke a jere ba su ɓace ba. Lissafinsa mai sauƙi ne: motar da ke gudun 60 tana cin kilomita ɗaya cikin daƙiƙa 60 cif, kuma ko wane gudu ne, idan aka raba 3600 da yawan daƙiƙoƙin da aka ɗauka za a sami gudun gaskiya. Allura na kan 60, muka ci kilomita ɗaya cikin daƙiƙa 52. Muka wuce Cadawa har wayar ta cika kilomita 50, lambobin agogon mota kuwa 43.6 suka ƙara. Jikina ya yi sanyi, na ba yaron haƙuri a nan cikin mota.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a lambobin nan shi ne kuskuren ba adadi ɗaya ba ne. A gudun 40 agogon ya ɓoye 6, a 60 ya ɓoye 9, a 80 ya ɓoye 12. Ke nan yana cin wani kaso ne na gudun, kusan kashi 13 cikin ɗari, kuma daidai wannan kaso yake ci a lambobin tafiya. Da na kai wa Baba takardar da na rubuta wannan a kai, bai ko taɓa agogon ba, ya ce a kawo jak.

Bayanin da ya yi mini yana tsugune a gindin motar shi ne mabuɗin al'amarin duka. Agogon gudu, wanda makanikanmu ke kira kontar, maƙwabtanmu na Katsina kuma maleji, bai san taya ba, bai kuma san hanya ba. Abin da yake ƙirgawa shi ne juyin sandar da ke fitowa daga bayan akwatin giya, wadda farfela ke ɗaure da ita, kuma an ƙera shi a kan cewa juyi kaza na farfela yana daidai da tafiya kaza a ƙasa. Pon yana bayan wurin da ake wannan ƙirga. Idan aka sauya lissafin haƙoransa, farfela za ta ci gaba da juyinta yadda ta saba, agogo zai ci gaba da ƙirgarsa yadda ya saba, amma tayoyi sun koma cin ƙasa fiye da da. A nan na gane dalilin da ya sa direban bai ji komai ba. Direban babbar mota da kunne yake tuƙi fiye da ido, to inji da agogo duk suna gaban pon, don haka ƙarar injin da a da take tafiya da 60 a giya ta biyar har yanzu da 60 take tafiya a fuskar agogo. Kunnensa da idonsa sun yi shaida iri ɗaya, kuma duka biyun ba daidai ba ne. Garuruwan da ke zuwa da wuri ne kaɗai suka faɗa masa gaskiya.

Ba sai an buɗe pon ba kafin a san lissafinsa. Aka sa waigi gaba da bayan tayoyin gaba da na ɓangaren da zai zauna a ƙasa, domin birkin hannun irin wannan Kanta a kan farfela yake, dole a sake shi kafin ta juya, kuma da zarar an sake shi babu abin da ke riƙe da motar sai waigin. Aka sa giya a firi, aka ɗaga ɓangare ɗaya na baya, aka shata alli a taya aka shata a farfela. Idan ɓangare ɗaya kaɗai aka ɗaga, juyi biyu na taya ne ke daidai da juyi ɗaya na kuron, saboda aikin ƙananan haƙoran da ke raba juyi tsakanin hagu da dama. Yaron garaji ya juya tayar sau 20, ni kuma ina kwance a kan kwali ina ƙirga alamar farfela, ta wuce idona sau 57 da ɗan ɗoriya. Aka raba da goma, ya ba da 5.7. Baba ya aika aka jawo tsohon kan pon daga cikin tarkacen ƙarafa, aka wanke pinyonsa da gazuwal, muka ƙirga: haƙora 6. Idan aka raba 40 da 6 ana samun 6.67, idan kuwa aka raba 40 da 7 ana samun 5.71. Pinyon da muka saya haƙora 7 gare shi. A tsohon, sai farfela ta juya sau shida da kashi biyu cikin uku kafin taya ta zagaya sau ɗaya, a sabon kuwa ƙasa da sau shida ya isa. Haƙori ɗaya ne bambancin, amma ɗaya cikin bakwai ne, shi ya sa tafiyar 480 ta koma 411.

Wani zai ce ai motar na tafiya, agogo kuma ba ya ɗaukar kaya. Ni ma da kuskuren ta ɗaya gefen ya faɗa, wato agogon yana ƙara wa gudu, da wataƙila na yi sakaci. Amma agogon da ke rage gudu yana sa direba ya shiga gari yana ganin 50 alhali 57 yake yi, kuma nisan da birki ke buƙata ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkin gudu a kan kansa yake bi. Motar da ke 69 tana buƙatar kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarin fili kafin ta tsaya fiye da mai 60, ga ta da lodin buhuna, ga hanyarmu da amalanke da awaki da yara masu talla a kowane ƙauye. Sai kuma juyen mai, wanda nake yi duk kilomita 5,000 na agogo. Da wannan agogon, 5,000 ɗin nan a gaskiya ya haura 5,700, kuma juye ɗaya ya riga ya wuce mu a haka ba mu sani ba. Lissafin gazuwal ma ya rikice, domin raba lita da gajeren kilomita ya sa motar ta zama kamar ta ƙara shan mai, alhali a kan kwalta raguwa ma ta yi.

Na yi kwana biyu ina shawarar ko in nemo kan pon mai 40 da 6 in mayar da motar yadda take. Abin da ya hana ni shi ne yanzu yawancin aikinta a kan kwalta yake, inda sabon lissafin ke sa inji ya rage ihu a gudu ɗaya, ƙarfin tashin da ta rasa kuma, wanda shi ma ɗaya cikin bakwai ne, mun ga za mu iya jure shi idan ba a yi mata lodin wuce kima ba. Wanda aikinsa duk cikin yashin Dakwaro ne ba zan ba shi wannan shawarar ba. Na bar pon ɗin, ya rage a gyara agogo.

Kafin in dawo wajen Baba na yi wani kuskure na rabin yini. Wani mai gyaran wutar mota ya ce mini aikin minti goma ne: zai buɗe gilashin agogon, ya zare allurar, ya mayar da ita gaba kaɗan. Har ya kwance agogon ya ɗora a kan benci kafin in tsaya in yi tunani. Idan aka tura allura gaba da 9, a gudun 60 za ta yi daidai, amma a 30 za ta yi ƙari, a 80 ta yi ragi, lambobin kilomita kuwa ko kusa abin bai shafe su ba. Amfanin da na samu a wurin shi ne na ga cikin agogon da idona. Igiyar tana juya wani ɗan maganaɗisu a cikin ƙaramin kofin alminiyam ba tare da sun taɓa juna ba, juyin maganaɗisun yana jan kofin, wani siririn sifirin mai kama da gashi kuma yana riƙe shi, allurar tana manne da kofin, gwargwadon saurin juyi gwargwadon nisan da take tafiya. Wannan dabara ta daɗe, wani injiniya mai suna Otto Schulze ne ya yi mata rajista a 1902. Lambobin kilomita kuwa wasu ƙananan haƙora ne ke tura su kai tsaye daga wannan igiya. Ke nan ko sifirin ɗin aka sassauta, allura kaɗai aka gyara, littafina zai ci gaba da karɓar ƙarya. Agogon lafiyarsa ƙalau, juyin da ke iso masa ne bai cika ba. Na biya mutumin ladan kwancewa na ce ya mayar yadda ya same shi.

A ƙasan fuskar agogon akwai wani ɗan rubutu da ban taɓa lura da shi ba sai ran nan, mai ɗauke da lamba 637. Ƙa'idar agogunan motocin Japan masu igiya ke nan: idan igiyar ta juya sau 637 a minti ɗaya allura za ta nuna 60, wanda ke nufin juyi 637 shi ne kilomita ɗaya a wajen agogon. Da wannan lamba a hannu sai aikin ya zama na biro da takarda, abin da ya rage shi ne a san sau nawa farfela ke juyawa a kilomita ɗaya, da kuma yadda ake rage wannan juyi kafin ya shiga igiya.

Tayoyinmu masu lamba 7.50R16 ne. Ban yarda in ɗauki girmansu daga baki ba, domin taya mai kaya a kanta tana ɗan zaunawa, wadda ta ci kuma ta fi sabuwa ƙanƙanta. Muka sami daɓe mai laushi, motar na da rabin lodi, iskar taya daidai, muka shata alli a taya da ƙasa, aka gangara da ita a hankali har alamar ta zagayo sau goma, muka auna da tef: mita 24.5. Ke nan zagaye ɗaya mita 2.45 ne, kilomita ɗaya kuma zagaye 408. Idan aka ninka 408 da 40 aka raba da 7, farfela tana juyi wajen 2,331 a kowane kilomita.

Mai rage wannan juyi yana bayan akwatin giya. A kan sandar da ke fita akwai wani zobe mai murɗaɗɗun haƙora kamar zaren noti, shi ke juya wani ɗan ƙaramin pinyo wanda ke zaune cikin kubensa na ƙarfe, igiyar agogo kuma a bakin kuben take ɗaure. Baba ya kwance igiyar da hannu, ya cusa ɗan guntun waya mai lanƙwasa a ramin da take shiga don mu riƙa ganin juyinsa, aka juya farfela sau 21, wayar ta zagaya sau 5 daidai. Sa'an nan ya kwance noti ɗaya da ke riƙe da kuben, ya zaro shi a hankali, ɗan mai ya biyo baya aka tare da gwangwani. Pinyon agogon bai wuce girman kan babban yatsa ba. Muka ɗiga wa haƙori ɗaya fenti don kada ƙirga ta zagayo ba mu sani ba, muka samu 21. Lissafi ya fito: 2,331 sau 5 a raba da 21 ya ba da 555, alhali agogo 637 yake jira. Kashi 87 cikin ɗari ke nan, daidai da abin da wayata ta nuna a kan hanya, kuma sai a lokacin hankalina ya kwanta cewa babu wata cuta ta biyu da ke ɓoye.

Yaron garajin ya ce, "Maigida, sai a nemo mai haƙora da yawa ke nan, tun da ƙari ake so." Baba ya miƙa masa pinyon ya ce ya yi tunani. Zoben yana tura haƙora 5 ne a kowane juyi, to pinyo mai haƙora kaɗan ya fi saurin kammala zagaye, don haka idan agogo na ragi, haƙoran pinyonsa ake ragewa. Mutane da yawa suna juya wannan a kai. Yawan da ake nema kuwa ana samunsa ta ninka haƙoran da ke akwai da sabon lissafin pon a raba da tsohon, wato 21 sau 5.71 a raba da 6.67, ya ba da 18. Wanda bai san tsohon lissafinsa ba yana iya bi ta awon hanya: 21 sau 60 da allura ta nuna, a raba da 69 na gaskiya, ya ba da 18 da ɗan kai.

Neman mai haƙora 18 shi ya ci lokaci fiye da komai. Na zagaya masu tsofaffin akwatunan giya a Maraɗi da tsohon a aljihuna, na samu mai 20, na samu mai 19. Muka ɗaura mai 19 don a rage asara kafin a samu na gaskiya. Da shi igiyar tana juyi 613 a kilomita, allura na kan 60 motar na 62, kilomita 50 kuma ya fito 48.2. Direban ya ce wannan ai ya isa, kuma a ido ƙaramin kuskure ne. Ban tsaya a nan ba saboda har yanzu ta gefen ragi yake. Ƙa'idar da ƙasashen Turai ke bi wajen amincewa da sabuwar mota ba ta yarda agogo ya nuna ƙasa da gudun gaskiya ko kaɗan ba, amma ta yarda ya yi ƙari har kashi 10 cikin ɗari da kilomita 4 a kai, kuma ina ganin hikimar hakan a fili take. Da akwai wata hanyar, wato ɗan ƙaramin akwati mai haƙora da ake ɗaurawa tsakanin kube da igiya ya ƙara ko ya rage juyi, wanda ake gani a wasu manyan motocin da suka fito daga Turai, sai dai samun mai lissafin da nake so ya fi samun pinyon kansa wuya.

A ƙarshe wani ɗan kasuwa da ke zuwa Kano ya samo mini a kasuwar Ƙofar Ruwa. Baba ya ja kunnena tun kafin in aika, cewa a sayo shi tare da kubensa, kada a karɓi pinyo tsirara. Dalilin ya bayyana da muka jera su a kan tsumma: mai 18 ya fi mai 21 ƙanƙanta a faɗi, don haka kafin haƙoransa su kama zoben sosai dole ya matsa kusa da shi, ramin da ke cikin kubensa kuwa an huda shi ya ɗan karkata daga tsakiya don wannan. Pinyo ƙarami a cikin kuben babba yakan kama da bakin haƙori kawai, ya yi aiki na ƴan makonni, allura ta soma rawa, daga nan ya cinye. Haka kuma akwai iyakar haƙoran da zobe ɗaya ke iya tafiya da su, idan aka wuce ta sai an sauya zoben kansa, wanda ke nufin sauke farfela da gangar birkin hannu da murfin bayan akwatin giya. Allah ya taimake ni ban kai can ba.

Ɗaurawar ba ta kai rabin sa'a ba. Aka sa sabon zoben roba a wuyan kuben, aka duba ƴar robar da ke cikinsa, domin idan ta mutu mai kan bi igiya ya hau har cikin agogo ya lalata shi. Baba ya shafa wa haƙoran man giya, ya tura kuben yana ɗan murza farfela har ya ji ya zauna ba tare da dole ba, ya ɗaure notin, sa'an nan ya kama bakin pinyon da yatsa ya girgiza don ya ji yana da ɗan wasa kaɗan, bai ƙame ba bai kuma yi sako-sako ba. Muka sake gwajin guntun waya, juyi 18 na farfela ya ba da zagaye 5. Ya zaro cikin igiyar ya wanke, ya shafa mata girisi kaɗan ban da tsawon taƙi guda na ƙarshen da ke shiga agogo, ya mayar ya tabbatar babu inda ta lanƙwashe da yawa ko ta taɓa salansa, aka cika man akwatin giya zuwa bakinsa.

Masu sababbin motoci ba za su ga igiya a nasu ba. A wurin kuben akwai na'urar lantarki da ke aika bugu zuwa agogo, kuma idan a akwatin giya take, sauyin pon zai ɓata lissafinta kamar yadda ya ɓata nawa, sai dai gyaran yakan zama ta sauya pinyon da ke juya na'urar, ko sa wani ɗan akwatin lantarki mai ƙara bugun, ko shigar da sabon lissafi da kwamfuta. Motar da ke ɗaukar gudunta daga na'urorin da ke jikin ƙafafu na birkin ABS, mai hana taya ƙamewa idan an taka birki, ba ruwanta da pon, amma girman taya yana shafarta kamar kowa.

Muka koma hanyar Damagaram da sassafe, wurin da muka yi awon farko. Allura na kan 40 wayar ta ce 39, a 60 ta ce 59, a 80 ta ce 79. Kilomita ɗaya tsakanin duwatsu biyu ya ɗauki daƙiƙa 61, kilomita 50 na waya kuma ya fito 50.8 a agogo, wanda ya yi daidai da juyi 648 da takardata ta ce za a samu. Direban ya yi kwanaki yana cewa motar ta zama mai nawa, domin ƙarar injin da kunnensa ya sani da 60 yanzu 70 take nunawa, sai da ya sake koyon sautinta a kowace giya. Tafiyar Damagaram ta gaba ta rubuta 481.

Tsakanin ranar da aka ɗaura pon da ranar da aka cire pinyo mai 21 agogon ya ƙirga kilomita 6,300, wanda a lissafinsa na da 7,350 ne. Ban sa an taɓa lambobin agogon ba, na dai ja jan layi a littafin na rubuta cewa akwai kilomita 1,050 da motar ta yi waɗanda ba su fito a fuskarsa ba, da wasu ƴan kaɗan na makonnin mai 19, na kuma matso da juyen mai na gaba. A cikin murfin akwatin da ke gaban kujerar fasinja na sa aka rubuta da farin fenti: pon 40 da 7, pinyon agogo 18, taya 7.50R16. Mai 21 da mai 19 suna cikin wani gwangwanin madara a garajin Baba, kowane da kubensa.